Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Bujen Buhu a Dandalin Makarantun Dakoro

Duk ƙarshen shekarar karatu, idan an gama jarrabawa, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, makarantun Dakoro kan yi bikinsu na al'adu. Akan share fili, a jera wa manyan baƙi kujeru, a ɗaura lasifika a jikin itace, iyaye mata su zauna bisa tabarmi. Bayan waƙe da wasan kwaikwayo, sai mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce yanzu kuma ga “bale”, ga rawar iyaye da kakanni. Sai ƴan mata masu shekara goma sha biyu ko sha uku su fito a jere, kowace ta ɗaura buje na buhun shinkafa da aka tsattsage ya zama zare-zare, an ɗiɗɗiga musu alli a fuska da damatsa. Samari na biye da su, ƙirji a waje, da ƙyalle mai zanen fatar damisa a ƙugu, da mashin kwali a hannu. A buga ganga, a yi tsalle, a yi ihu, manyan baƙi su tafa, alƙalan gasa su ba da maki.

A bayan fili kuwa akwai tsofaffin mata waɗanda suka yi gaɗa a dandali tun kafin a haifi malamin da ya shirya wasan. Da za a tambaye su, babu ɗaya da za ta ce ta taɓa ganin uwarta ko kakarta cikin irin wannan shiga. Ba a san ta a Birnin Lalle ba, ba a san ta a Kornaka ba, ba a san ta a rugagen Bermo ko a zangon Buzayen kwarin Tarka ba. Ita kanta tukurwa, wadda ake kwaikwayon zarenta da buhu, itaciya ce ta fadamun ƙasashen ruwa. Abin da ƙasar nan ke da shi kaba ce, har Gulbin Kaba ya ci sunanta, kuma da ita ake saƙa tabarma da faifai, a tufka igiya. Ba a ɗaura wa budurwa ita ta shiga rawa.

To, in ba na kakanni ba ne, na wane ne? Amsar tana da ɗaci. A Paris aka yanka wannan buje, kimanin shekara ɗari da suka wuce, domin idon ɗan kallo Bature, kuma makarantar da aka ɗora wa nauyin koya wa yaro sanin kansa ita ce ke ɗaura masa shi a yau. Mai son ganin yadda haka ta faru sai ya fara bi ta tarihin wani buje dabam, wanda masu shi suka san ranar haihuwarsa.

Tutu, bujen da ke da takardar haihuwa

Bahaushe in ya ji sunan sai ya yi murmushi, domin ya san abin da kalmar ke nufi a bakin yara. Faransanci ma bai tsira ba, don kuwa masana harshe da dama na ganin kalmar ta fito ne daga yadda ƙananan yara ke kiran mazaunai. Amma abin da ake kira tutu a gidajen rawar Turai shi ne bujen nan na yadi mai shara-shara kamar gidan sauro, wanda ake ɗora shi hawa-hawa, kuma babu taƙi ɗaya na tsawonsa da ba shi da dalili.

Lokacin da sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa ta fada a 1661, masu rawa tufafin fada suke sawa, masu nauyi, masu jan ƙasa. Wajen 1730 Marie Camargo ta rage tsawon bujenta zuwa saman idon sawu, domin a ga abin da ƙafafunta ke yi idan ta tuma. Ranar 12 ga Maris 1832 Marie Taglioni ta fito a gidan Opera na Paris cikin wasan La Sylphide, wanda mahaifinta Filippo ya tsara, sanye da farin buje mara nauyi da ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Rawar ta aljana ce mai tashi a iska, tana tsayawa bisa kan yatsun ƙafa, don haka aka nemi yadin da zai yi kama da hazo, aka kuma ɗage shi yadda ɗan kallo zai ga yatsun. Daga baya, da ƴan rawar Italiya suka kai wa Rasha salon juyi mai sauri, sai bujen ya ƙara hawa, ya yi tauri, ya baje kamar faifai. A 1895, a Saint-Pétersbourg, Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere bisa ƙafa ɗaya cikin wasan Tafkin Agwagin Ruwa. Da bujen Taglioni ta sa, da ya naɗe mata ƙafa. A 1950 kuma, a New York, Barbara Karinska ta ɗinka wa George Balanchine wani gajere mai laushi, wanda ba ya karo da na maƙwabciya idan ƴan rawa sun matsu a sahu. In kiɗa ya sake, rawa ta sake, buje ma ya sake.

Tarihin nan ba duka ne mai daɗin ji ba, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Da fitilun gas ake haska dandamali a wancan zamani, harshen wuta a buɗe. A 1859 hukuma ta tilasta a riƙa jiƙa tufafin wasa cikin wani sinadari mai hana kama wuta, amma sinadarin na sa yadi ya dushe ya yi tauri. Emma Livry ta ƙi, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin kanta. Ranar 15 ga Nuwamba 1862, ana cikin gwajin wasa, bujenta ya taɓa fitila. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. An kuma rubuta yadda attajiran Paris ke shiga bayan dandamali suna zaɓe cikin ƴaƴan talakawa masu koyon rawa. Mutum-mutumin yarinya ƴar shekara 14 da Edgar Degas ya nuna a 1881, da bujenta na yadin gaske, ɗaya ce daga cikinsu.

Abin lura a nan shi ne, ko da kyau ko da muni, an san wanda ya ɗinka, an san wadda ta sa, an san shekara, an san dalili. A garin Moulins na Faransa an buɗe gidan adana tufafin wasa a 2006, inda ake ajiye da kimanin kaya dubu goma. Ɗalibar da ke koyon rawa a can za ta iya faɗin asalin abin da ke ƙugunta. Ɗalibar Dakoro fa, wa ya taɓa gaya mata asalin nata?

Yadda Paris ta yanka wa Afirka riga

A farkon ƙarni na 20 tufafin rawa suka fita daga dandamali suka shiga titi. Loïe Fuller ta riƙa kaɗa yadin alharini mai tsawon gaske a ƙarƙashin fitilun lantarki masu launi. Isadora Duncan ta yar da takalmi da matsattsiyar rigar ciki, ta yi rawa da ƙafa a ƙasa cikin sakakkiyar riga irin ta Girkawan dā. A 1909 Serge Diaghilev ya kawo ƴan rawar Rasha Paris, a 1910 suka nuna Schéhérazade da tufafin da Léon Bakst ya zana: wanduna masu buhu, rawuna, duwatsun ado, launin ja da kore da shuɗi masu ɗaukar ido. Shekara ɗaya bayan haka tela Paul Poiret ya yi shahararriyar walimarsa ta Dare Dubu da Biyu, matan manyan Paris suka shiga neman rawani da wando. Sai dai Gabas ɗin da Bakst ya zana ba Bagadaza ba ce, ba Isfahan ba ce, Gabas ce ta mafarkin mutumin Paris. Ɗan kallo kuwa ya koma gida yana jin ya ga yadda Larabawa da Farisawa ke shiga.

Da aka gama da Gabas, sai aka juyo kan Afirka. A 1923 mai zane Fernand Léger ya tsara tufafin La Création du monde daga gumakan da ya gani a littattafai da gidajen tarihi. A Oktoban 1925 aka buɗe La Revue nègre a gidan wasa na Champs-Élysées, inda aka fito da Joséphine Baker sanye da gashin tsuntsu, cikin abin da aka kira rawar ƴan daji. A 1926, a Folies Bergère, aka ɗaura mata bujen ayaba. Baker baƙar fatar Amurka ce, haifaffiyar Saint-Louis ta jihar Missouri, kuma abin da ta yi daga baya na yaƙi da ƴan Nazi da wariyar launin fata ya isa a girmama ta, har Faransa ta shigar da sunanta Panthéon a 2021. Ba ita ce abin zargi ba. Abin zargi shi ne awon da aka yanka a lokacin, wanda aka ce shi ne na baƙar fata duk inda yake: tufa kaɗan, ciyawa ko gashin tsuntsu a ƙugu, fenti a fuska, fatar dabba a kafaɗa. Babban baje kolin mulkin mallaka na Vincennes a 1931, wanda aka sayar wa tikiti wajen miliyan 33, ya daɗa kafa wannan hoto a zukatan mutane.

Awon nan yana da aiki. Mai mulkin mallaka na cewa ya zo ne ya tufatar da tsirara, don haka dole ya nuna tsiraicin. Bai da amfani da labarin da Heinrich Barth ya bayar, wanda ya ratsa Tasawa a Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya kuma rubuta yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ƙasar da ke tufatar da Sahara tun daga wannan gaɓa zuwa waccan, ita ce yau ake fito da jikokinta cikin buhu a ce haka kakanninsu suke.

Daga Konakiri zuwa filin makaranta

Hanyar da bujen ya biyo ba ɓoyayya ba ce. Akwai makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, wadda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi, wadda kuma ɗalibanta suka je Paris suka yi wasa a 1937. Wani tsohon ɗalibinta, Keita Fodéba, ya kafa Les Ballets Africains a Paris a farkon shekarun 1950, bayan samun ƴancin Gine ƙungiyar ta zama ta ƙasa. Fodéba gwani ne, kuma niyyarsa ta mayar wa Afirka mutunci ce. Zaren tukurwa da ke cikin wasanninsa na gaske ne a wurinsa, domin a kurmin Gine da bakin tekunta da shi ake rufe masu ɗaukar dodanni. Duk da haka, lokacin da suka je New York a 1959, abin da jaridu suka fi tattaunawa shi ne umarnin da hukumar birnin ta bayar na matan su rufe ƙirji. Idon ɗan kallo bai sake ba tun zamanin Baker.

Nasarar Gine ta sa kowace sabuwar ƙasa ta nemi nata bale, aka yi ta haɗuwa a Dakar a 1966, da Aljazair a 1969, da Legas a 1977. A Nijar, bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, zamanin Seyni Kountché, ya sa bale cikin fannonin gasa, kowace jaha na aiko da samariyarta. Adalci ne a faɗa cewa mafi kyawun ƙungiyoyin wancan lokaci sukan shiga ƙauyuka su tambayi tsofaffi, su aro kaya na gaske, domin jaha ba ta son a ce ta zo da abin da ba nata ba. Da samariya ta watse bayan taron ƙasa na 1991, sunan bale ya rage, binciken ya tafi. Malamin da aka ɗora wa shirya wasa cikin mako biyu, ba kuɗi, ba littafi, ba wanda ya horar da shi, sai ya ɗauko abin da ya gani a talabijin, yau kuma a wayar hannu. Abin da ya gani kwaikwayon Gine ne da wasu suka yi, wanda ya gauraya da kwaikwayon Paris, sai shi kuma ya kwaikwaya da buhu. Ta haka na dodon kurmi ya zama na ɗiyar Bagobiri.

Abin da ke cikin adaka

Da ƙasar Dakoro matalauciya ce a wannan fanni, da sai a ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma da wuya a sami wata gunduma a Nijar da ta fi ta arzikin kayan rawa, domin a nan ne manomi da makiyayi ke haɗuwa a rijiya ɗaya.

A arewacinta, wajen Bermo da Gadabeji, Woɗaaɓe ke taruwa ƙarshen damina. Saurayin da zai shiga yaake ko gerewol yakan share sa'o'i da madubi a hannu: jar ƙasa ko rawaya a fuska, kwalli a ido, baƙi a leɓe don haƙora su ƙara haske, layi tun daga goshi har haɓa don hanci ya ƙara tsawo, gashin jimina a rawani don tsayi ya ƙaru, doguwar riga wadda mace ta yi watanni tana yi wa ɗinkin hannu. Kowane abu na da aikin da yake yi a idon ƴan matan da za su yi zaɓe, daidai da yadda kowane taƙi na tutu ke da nasa. Marguerite Dupire ta rubuta littafi a kansu a 1962, Carol Beckwith ta buga hotunansu a 1983, Werner Herzog ya yi fim a 1989. Ana koyar da wannan a jami'o'in Turai. A kwalejin da ke tafiyar rabin yini daga wurin, ɗalibi Bafillace na zaune a aji, ba a taɓa ce masa ya tashi ya bayyana wa ƴan ajinsu sunan ko ɗaya daga kayan ba.

Buzaye na da nasu: alasho mai ƙyalli, wanda marinan Kura ta ƙasar Kano ke bugawa har shuni ya riƙa zama a fata, da takobi, da jakunkunan fata masu tunga, da azurfar mata masu zama kewaye da tande. Hausawa kuwa kowace sana'a da shigarta. Ɗan tauri da wuƙaƙensa da guraye, mahalbi da warki da rigar layu, ɗan kokowa da kambu a dantse, wanda duk Nijar ke gani a gasar takobi tun 1975. Budurwar da za ta dandali takan ɗaura saƙi ko bunu, da jigida a ciki, da tsakiya a wuya, da warwaro a hannu, an yi mata doka an shafa shuni, ƙafa ta sha lalle. Ƴan bori na Maraɗi da Tsibiri, ƙarƙashin Iya da Inna, kowane iska da tufarsa: Ɗan Galadima da rigunan ƴaƴan sarki, Malam Alhaji da fararen kaya. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga bincikenta a kan wannan tun 1972. Rubuta abu a tarihi ba bin sa ba ne, kamar yadda malamin da ke koyar da gumakan Girka bai zama mai bauta musu ba.

Duk waɗannan kaya suna nan, wasu a jikin masu su, wasu a ƙasan adakar tsofaffi, asu na ci. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da ɗakin tufafi, amma ɗalibi nawa ne na Dakoro zai taɓa zuwa can?

Hanzarin masu kare buje

Hanzari na farko shi ne kuɗi: buhu kyauta ne, saƙi kuwa da tsada. Masu iya magana sun riga sun amsa, araha ba ta ado. Bayan haka, aron zane daga kakar ɗaliba ba ya cin ko dala. Abin da yake ci shi ne malami ya taka ƙafa ya je gidan, ya gaida tsohuwa, ya zauna ya saurara. Ba kuɗin ne ya yi ƙaranci ba, zuwan ne ake ƙyashi.

Hanzari na biyu ya fi nauyi: fasaha ba ta da iyaka, mai wasa na da ƴancin aro da ƙirƙira. Gaskiya ne, kuma al'ada ba gawa ba ce da za a shafe ta da turare a ajiye. Saurayin Woɗaaɓe na yau yakan rataya zif da makulli da madaurin agogo cikin adonsa, ba wanda ya ce ya bar gerewol. Alphadi ya ɗauki ɗinkin Sahel ya kai shi manyan dandamalin duniya. Amma waɗannan sun san abin da suka aro, sun san abin da suka ɗora shi a kai. Idan makaranta na son ta yi rawar kurmin Gine, ta yi, ta kuma faɗa wa jama'a cewa ta Gine ce, a koya wa yara sunan ƙabilar da ma'anar dodon. Ko tutu ma, wanda ke so ya koyar da tarihinsa. Laifin yana cikin jimla ɗaya ta mai gabatarwa: “rawar iyaye da kakanni”. Wannan ba ƙirƙira ba ce, shaidar zur ce a gaban yara, kuma daga bakin makaranta.

Hanzari na uku shi ne wai kafin Musulunci haka ake shiga. Mai faɗin haka ya je ya tambayi zuriyar Arna, suna nan da ransu. Za su ce masa warki na fatar akuya, wanda aka jeme aka gyara, za su ce masa bante da gwado na auduga da aka kaɗa aka saƙa a gida. Ko talaucin dā yana da suna da sana'a a bayansa, akwai majemi, akwai masaƙi. Bujen buhu ya shafe waɗannan duka, ya bar mutum ɗaya mara suna mara gari, wato “ɗan Afirka” na fastar 1931.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne a hana rawar gaba ɗaya. Waɗannan da masu buje, ba su sani ba, ƙarya ɗaya suka yarda da ita, cewa al'adar gargajiya tsiraici ce. Ɗaya ya tafa mata, ɗaya ya tsine mata. Wanda ya tuna tarzomar Nuwamban 2000 a Yamai da Maraɗi kan bikin nuna tufafi na FIMA ya san cewa a wannan jaha abin da mace ta sa a dandamali ba ƙaramar magana ba ce. Uban da ya ga ɗiyarsa mai shekara sha uku cikin zaren buhu gaban maza, ba takardar ƙorafi zai rubuta ba. Zai hana ta wasa, watakila ya hana ta makarantar, ya kuma sami hujjar da zai faɗa a majalisa. A ƙasar da ake fama kafin yarinya ta kai aji na uku na kwaleji, malamin da ya miƙa wa irin wannan uba hujja ya yi ɓarnar da makin alƙalai ba zai gyara ba. Da an fito da ita cikin saƙin kakarta da kallabi, da uban ne zai fara nuna ta da yatsa yana murmushi.

Aikin hutu

Abin mamaki, makarantar mulkin mallaka ta fi ta yau sanin darajar wannan aiki. A William Ponty akan tura ɗalibi gida lokacin hutu ya rubuto al'adun garinsu, kuma ɗaruruwan waɗannan littattafai suna ajiye a Dakar har yau. Mai mulki ya yi haka don amfanin kansa. Me zai hana malamin Dakoro ya yi don amfanin ƴaƴansa, da Hausa, musamman yanzu da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa?

Aikin ba ya bukatar izini daga Yamai. Malamin Hausa ya ba kowane ɗalibi tambayoyi biyar ya kai wa tsohuwa ko tsohon gidansu: me ake sawa, yaya sunansa, wa ke yin sa, a wace rawa, wa aka hana ya sa. Bafillace ya rubuto sunan da Fulfulde, Buzu da Tamajak, a fassara a aji. Malamin Faransanci ya ɗauki labarin Taglioni da Livry da Baker ya yi darasin karatu da shi, domin yaro ya gane cewa tufar rawa ko'ina mutane ne suka yi ta, da dalilinsu. Mai waya ya ɗauki hoton kayan, a rubuta sunan gari da shekara a ƙasa. Ƙungiyoyin al'adu su nemi kabad guda a gidan matasa, su fara da zane goma, su aika kwafin abin da suka tara zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar CELHTO ta Yamai, waɗanda aikinsu ke nan. Kuɗin da za a kashe a fenti a ba dukawa da teloli da ƴan saƙar da suka rage a kasuwa.

Alƙalan gasa kuwa su ne ke riƙe da linzami. Su ƙara sharaɗi ɗaya: kafin a buga ganga, ɗaliba guda ta fito ta faɗi sunan kowane abu da ke jikinta, da garin da ya fito, da wanda ya ba da labarinsa. Ƙungiyar da ta kasa, ta rasa maki. Shekara biyu sun isa bujen buhu ya koma inda ya dace da shi, wato ɗaurin gawayi. A kuma matso da tsofaffin nan daga bayan fili, a ba biyu daga cikinsu kujera a teburin alƙalai. Su ne kaɗai a wurin suka san yadda ake ɗaura saƙi ya kwana a dandali bai kwance ba, kuma kowace damina ana rage ɗaya.